Shafi na Arba'in da Ɗaya

"Saura ɗaya."

Auta ta ɗago kai daga kan kwamfuta. Rajistara yana tsaye a bakin teburin Abbanta da tarin korayen takardu a hannu, yana lasar yatsa yana sake ƙirga su a hankali, kamar wanda ba ya so ƙirgar ta ƙare.

"Saura me, Yaya?"

"Shafi ɗaya. Sittin da takwas kika buga ranar Litinin, sittin da bakwai ne a hannuna. Na arba'in da ɗaya ya yi ƙafa."



Shekara uku ke nan, tun da idon Abba ya fara rauni, ita ke buga masa hukunci a ɗakin karatunsa na gida. Yana faɗa, tana bugawa. Daftarin farko kullum a koriyar takarda ake fitar da shi, don kada ya gauraya da komai. In Abba ya gama gyara, Rajistara, magatakardan kotunsa da take kira Yaya don girmamawa, ya zo ya ƙirga shafi-shafi, ya rubuta adadin, ya zuba su cikin injin da ke yayyanka takardu. Shekara talatin da ɗaya Abba yana alƙalanci, ba a taɓa jin hukuncinsa a waje ba kafin ya karanta shi da bakinsa. Wannan kuma shi ne na ƙarshe. Gobe zai karanta shi, wata mai kamawa ya yi ritaya.

Ta durƙusa tana leƙa ƙarƙashin tebur, ta jawo kwandon shara ta zazzage.

"Kada ki wahalar da gwiwarki, ƙanwata," in ji Rajistara. "Na san inda yake."

Ta tsaya cak, hannunta a cikin kwando.

"Jiya na gan shi a kotu. A ninke, an liƙe bakinsa da salatif, yana leƙowa daga cikin wani littafi mai jan bango. Littafin kuma yana kan jakar wani lauya. Ko sai na faɗi wanne?"

Ba sai ya faɗa ba.

Ranar Litinin ta gama karanta littafin nan, na biyu a jerin wani labarin kotu da ta yi shekara biyu tana jiran ci gabansa. Ƙarshensa ya ɓata mata rai matuƙa. Ta fizgi takardar farko da ta samu kusa da firinta, ta juya farin bayanta, ta zazzage duk abin da ke cikinta, ta ninke, ta liƙe, ta cusa cikin littafin, ta kai shagon littattafai ta ajiye wa Mai Gardama.

Mai Gardama take ce masa, don a wannan shagon suka haɗu suna musu a kan wani littafi har mai shagon ya roƙe su su fita. Lauya ne. Shi ke tsaya wa iyalai arba'in da ake so a fitar daga wani tsohon bene, kuma shari'ar tasu ita ce wannan da Abba zai yanke gobe. Ranar da ya aiko neman izinin zuwa gida, Abba ko saurare bai yi ba. Ya ce muddin yana kan kujera, lauyan da ke tsayuwa a gabansa ba ya zama a gidansa, ba ya shan ruwan gidansa, balle ya nemi 'yarsa. Ba waya, ba haɗuwa. Littafi kaɗai ya rage musu, shi ma ta hannun mai shago.

"Wallahi Yaya ban sani ba," ta ce, muryarta na karyewa. "Ra'ayina ne kawai a kan littafi. Ban juya takardar ba."

"Ni na yarda. Ni ai na san ki tun kina sa takalmi a juye." Ya ja kujera ya zauna. "Amma ki faɗa wa 'yan jarida haka. 'Yar alƙali ta aika wa saurayinta hukunci kwana uku kafin a karanta. Kin ma san abin da ke shafin?"

Ta sani. Ita ta buga shi. A nan Abba ya bayyana dalilin da iyalan za su faɗi: hoton takardar yarjejeniya suka kawo, ba su kira tsohon mai gadin da aka sa hannu a gabansa ba. Duk lauyan da ya ga wannan shafi, an ba shi mabuɗin nasara a tafin hannu.

"Shi lauyan za a karɓe rigarsa," Rajistara ya ci gaba yana lanƙwasa yatsu. "Abba ya sauka da tabo a goshi bayan shekara talatin da ɗaya. Ke kuma ki rayu da sanin ke kika yi."

"Don Allah, Yaya..."

"Ai rufin asiri na zo yi. Alƙalamina ke rubuta adadi. In na rubuta sittin da takwas, sittin da takwas ne har abada." Ya rage murya. "Shekara huɗu ina zarya, Auta. Abba ya ba ni, Umma ba ta ƙi ba, ke kaɗai kika tsaya kai da fata. Ba zan yi wa baƙuwa ƙarya ba. Amma matata, wannan zan yi mata."

Ya dubi agogon hannunsa.

"Ƙarfe ɗaya Abba zai dawo daga asibitin ido. Ina falo."

*

Umma na yanka albasa Auta ta faɗo kicin ta mayar da ƙofa ta jingina da ita.

"Ke lafiya? Wa ya biyo ki?"

Ta faɗa mata duka, a gutsure, tana haɗiyar kuka. Wuƙar ta suɓuce daga hannun Umma ta faɗi a kan tayil.

"Innalillahi! Na faɗa, na faɗa, wata rana karatun nan naki sai ya ci gidan nan. Tun kina 'yar shekara tara kike ƙona min tukunya saboda littafi. Yau kuma ubanki kika ɗora a wuta!"

"Umma ban sani ba..."

"Duk takardun duniya, ke sai koriya? Makauniya ce ke?"

"Raina ne a ɓace, Umma. Ban ga launi ba."

"Ranki ya ɓaci a kan mutanen da babu su a duniya! Mutanen ƙarya, da wani ya zauna ya ƙaga!" Umma ta kama kanta da hannu biyu. "Kira shi. Maza kira shi ya dawo da ita."

Watanni bakwai rabon da ta danna lambar nan, amma yatsunta ba su manta ba. A kashe. Ta sake. A kashe. Sau shida, mace ɗaya ce ke ta ba ta haƙuri da murya mai sanyi.

Ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da firiji.

"Wataƙila bai buɗe ba," ta ce, kamar mai magana da kanta. "Alkawari ne tsakaninmu. Ba ya buɗe takardata sai ya gama littafin, wai ina ɓata masa ƙarshen labari. Shi ya sa nake liƙewa. Shafi ɗari huɗu ne, Umma, shi kuma karatunsa kamar tafiyar hawainiya. Na farkon sai da ya yi wata guda."

"To in bai buɗe ba, wa zai yarda?"



Umma ta durƙusa a gabanta, ta kama hannayenta. Hannun Umma sanyi ƙalau, yana warin albasa.

"Saurare ni. Likita ya ce kada a tayar wa ubanki hankali, kin ji da kunnenki. Mutumin nan ba shi da gona, ba shi da bene, suna kaɗai ya tara. In sunan ya zube, shi ma zubewa zai yi, ni na san mijina."

"Umma me kike so ki ce?"

"Ki ce wa yaron nan to. Daga baya a san yadda za a yi."

"Umma!"

"Ni ban ce ki so shi ba. Mata nawa suka zauna da wanda ba su zaɓa ba, ga su nan da ransu? Yana da aiki, ya san gidan nan, ubanki na ƙaunarsa..."

"Ciniki yake yi da hawayena, Umma. A ɗakin Abba, a kan teburin Abba. In ya same ni me kuma zai sayar?"

Umma ta kau da kai, hawaye na bin kuncinta. "Ni dai kada in rasa mijina."

Daga falo suka ji Rajistara ya kunna talabijin, ya rage sauti, kamar mai gida. Agogon bangon kicin ya nuna ɗaya saura kwata. Auta ta zuba masa ido tana kallon dogon hannun yana tafiya.

Sai ƙarar mota a ƙofar gida.

*

Abba ya shigo da baƙin tabarau a fuska saboda maganin da aka ɗiga masa, yana laluben hanya da sandarsa. Rajistara ya zabura ya karɓi jakarsa.

"Sannu da dawowa, ranka ya daɗe."

"Yauwa. An ƙirga?"

Rajistara ya juyo ya dubi Auta. Biro na hannunsa, murfin a cire. Ya ɗaga gira kaɗan.

"Mamana tana nan?" Abba ya tambaya yana waige. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Ban ji motsinki ba. Yau babu sannu?"

Da ya yi mata tsawa da ya fi mata sauƙi.

Ta tako. Umma na bayan labule tana girgiza mata kai. Kalma ɗaya ce, to, ƙarama, in ta faɗe ta kowa ya kwana lafiya. Ta buɗe baki.

"Abba, shafi ɗaya babu. Ni na ɗauka."

Biron ya tsaya a hannun Rajistara.

Ta zube a kan gwiwoyinta ta faɗi komai: littafin, takardar, shagon, watanni bakwai na aika littattafai a ɓoye. Ba ta rage ko ɗaya ba. Abba bai katse ta ba. Bai taɓa katse mai ba da shaida ba. Kujera kawai ya laluba ya zauna.

"Wane shafi?"

"Na arba'in da ɗaya."

Ya cire tabarau. Idanunsa jajur, suna ruwa, ba ta san ko magani ba ne.

"Ke," ya ce. Ba Mamana ba. "Ke kika buga shi. Kin san abin da ke ciki."

"Na sani, Abba."

"Alƙali, don Allah ka bi a hankali," Umma ta fito tana kuka. "Ka tuna jininka."

"Ranka ya daɗe, abin bai fita ba," Rajistara ya yi saurin cewa. "Mu huɗu ne a ɗakin nan. In rubuta sittin da takwas, a wuce wurin. Shi wancan ba zai yi magana ba, ai shi ya ci riba."

Abba ya juya fuskarsa wajen muryar.

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Babu wanda ya motsa. Ta sake kaɗawa. Umma ta goge fuska da gefen mayafi ta je ta buɗe, sai suka ji ta ja numfashi da ƙarfi.

Mai Gardama ne a tsaye, da farar riga da ta jiƙe da gumi, littafi mai jan bango a hannunsa.

*

Bai wuce bakin ƙofar falo ba. Ya rame, Auta ta gani, kuma bai dube ta ba ko sau ɗaya.

"Ranka ya daɗe, na san an hana ni gidan nan. Ba zama na zo yi ba. Kayan kotu ne suka shigo hannuna, na kawo."

Ya miƙa littafin. Umma ta karɓa ta kai wa Abba.

Auta ta runtse ido. Allah ka sa a liƙe take. Allah ka sa bai gama ba. Allah ka sa hawainiyar nan tana shafi na ɗari.

Abba ya zaro koriyar takardar. Ba ya gani sosai, sai ya bi bakinta da babban yatsa, a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

An yanke salatif ɗin. Yankan reza, a miƙe.

"Ka buɗe."

"Na buɗe, ranka ya daɗe. Jiya da yamma, bayan ƙarfe shida. Littafin ya hana ni sakat, kwana biyu na gama shi."

Wani ɗan sauti ya kuɓuce wa Auta. Wata guda ya yi da na farko. Wannan, wannan da ta tsana, shi ya cinye a kwana biyu.

"Wane gefe ka karanta?"

"Duka biyun."

"Layi nawa a gefena?"

Yana iya cewa biyu. Yana iya cewa da ya ga tambarin kotu ya rufe. Babu mai ƙaryata shi a duniya.

"Har ƙasa, ranka ya daɗe. Sau biyu."

Umma ta dafa bango.

"Ka gane abin da ka gani?"

"Na gane. Tsohon mai gadin yana da rai, na san gidan 'yarsa. Yau da safe na rubuta takardar neman a sake buɗe shaida. Iyalai arba'in ne, ranka ya daɗe. Akwai tsohuwar da ke kira na ɗana. Na kashe waya, na kai takardar har ƙofar ofishin rajista. Na fi awa ɗaya a tsaye."

"Sai me?"

"Sai na yaga ta. Ɗaya gefen ne ya hana ni."

Abba ya juya takardar. Rubutun hannu ne cunkus, ya kai shi kusa da ido, ya kasa. Ya miƙa shi gefen da Auta take.

"Karanta."

"Abba..."

"Na ce karanta. Da ƙarfi, yadda kike karanta min daftari."

Ta fara.

"Mai Gardama, na gama, kuma ina jin haushi. Shekara biyu ina jira, ashe ɗumame za a kawo min. Na farko ya fi shi nesa ba kusa ba. A wancan, mutum ɗaya ne da gaskiyarsa da tsohuwar jakarsa. A wannan, kowane babi sai an bi wani da mota. Mashaidiyar babi na talatin kuma daga sama ta faɗo? Ina take tun farko? Sannan marubucin nan bai taɓa shiga kotu ba. Wane alƙali ne zai bar lauya ya yi ta ihu yana dukan tebur har shafi shida? Da Abba ne, tun a layi na biyu an fitar da shi."

"Tun a na farko," in ji Abba, fuskarsa ba ta motsa ba. "Ci gaba."

Ta ci gaba.

"Duk wannan zan yafe. Abin da ba zan yafe ba shi ne ƙarshen. Lauyan ya tsinci takardar da bai kamata ya gani ba, ya yi shiru, ya ci shari'a da ita, marubucin kuma yana tafa masa, wai ai don talakawa ya yi. Matarsa ta rungume shi a matakalar kotu. Ni da nake karantawa tsigar jikina tashi ta yi. Mutumin da ya iya ɓoye wannan ya yi murmushi, me kuma ba zai ɓoye mata ba? A littafin farko tsoro nake kada a kashe shi. A na biyu, shi nake tsoro. In kai ne..."

Kuka ya ci ƙarfinta.

"Ƙarasa."

"In kai ne, gara ka faɗi shari'ar ka dawo min da fuskar da na sani."

Talabijin kaɗai ke ta motsi babu sauti.

"Wasan kwaikwayo ne, ranka ya daɗe!" Rajistara ya miƙe tsaye. "Sun shirya! Ya ga asiri zai tonu ne ya rugo. Da idona na ga takardar nan jiya a kan jakarsa, a cikin kotu, yana yawo da ita kamar..."

"Jiya?" in ji Abba.

Rajistara ya yi turus.

"Jiya da ƙarfe nawa?"

"Wajen... wajen sha ɗaya na safe."

"Ka gane koriyar takarda ce?"

"Na yi zato..."

"Mu uku muka san launin nan a duniya. Ka gane, ko ba ka gane ba?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

"A liƙe take, ko a buɗe?"

Gumi ya tsattsafo a goshin Rajistara. Ya dubi Umma, ya dubi ƙofa.

"A liƙe."

"A liƙe." Abba ya gyaɗa kai. "Ƙarfe sha ɗaya ina ofishina, taku ashirin daga inda kake. Da ka shigo ka faɗa min, da an karɓo ta a liƙe, babu idon da ya gan ta. Awa bakwai tana liƙe, kai kuma kana sane. Me kake jira?"



"Alƙali," Umma ta ce da ƙaramar murya, kanta a ƙasa, "'yarka yake jira. Ya ce ta amince masa, ya rubuta sittin da takwas. Ni ma... ni ma na ce ta amince."

Abba ya rufe ido. Da ya buɗe, hannu kawai ya miƙa.

"Mabuɗin ofis."

"Ranka ya daɗe, shekara goma sha biyu ina..."

"Mabuɗin."

Ƙarar mabuɗan a kan teburin gilashi, sannan ƙarar ƙofa. Ko jakarsa bai tsaya ɗauka ba.

*

Abba ya daɗe yana shafa bangon littafin da tafin hannu.

"Lauya."

"Ranka ya daɗe."

"Ba zan karanta hukunci gobe ba. Zan janye daga shari'ar, in rubuta dalili, da sunana da naka da na 'yata. Za a ba wani alƙali, a faro daga farko. Mutanenka za su ƙara shekara a cikin zullumi, kuma ba kai za ka tsaya musu ba. Abin da ka gani, ba ka faɗa wa wanda zai gaje ka."

"Na sani. Daga nan wurinsu zan je in gaya musu da bakina."

"Za su tsine maka."

"Suna da gaskiya."

"Kwamitin ɗa'a zai kira ka. Sau biyu ka karanta, da bakinka ka faɗa. Suna iya karɓe rigarka, ni kuma ba zan roƙa maka ba."

"Ban zo don a roƙa min ba, ranka ya daɗe."

Sai a lokacin ya dubi Auta. Kallo ɗaya, gajere. Fuskar da ta sani ce, sai dai tsoro ya cika ta, irin wanda ke cikin nata ƙirjin.

"Ke kuma," Abba ya ce, "tashi ki kunna kwamfuta. Farar takarda za ki sa. Wannan ce ta ƙarshe da za ki buga min."

Ta miƙe da ƙyar. Ta bar ƙofar ɗakin karatun a buɗe, ta zauna, ta ɗora yatsunta a kan madannai. Shekara talatin da ɗaya, kuma da hannunta za ta rufe su da wasiƙar janyewa. Haruffan suka narke a idonta.

"Abba ka yafe min," ta ce daga inda take. "Na ɓata maka suna."

"Rubuta kwanan wata."

Ta rubuta. Ya fara faɗa, jimla bayan jimla, muryarsa ba ta rawa, tana bugawa hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Bai sassauta wa kowa ba, har kansa. Da aka zo ƙarshe ta fitar, ta kawo masa, ta nuna masa wurin da yatsa. Ya sa hannu.

Ya mayar wa biro murfinsa, ya ajiye.

Mai Gardama har yanzu yana tsaye a bakin ƙofa, kusan awa guda, bai ko jingina ba.

"Da izininka, ranka ya daɗe, zan tafi."

"Na sallame ka ne?"

Ya tsaya.

"Daga minti ɗaya da ya wuce, ba ka da shari'a a gabana." Abba ya mayar da baƙin tabaransa. "Ban ce na ba ka komai ba, kada kunnenka ya ji abin da ban faɗa ba. Sai na ga abin da kwamiti ya yi da kai, da abin da ka yi da kanka bayan nan."

"Na gode, ranka ya daɗe."

"Littafin nan kuma ya zauna a nan. Sai an karanta min na ji ko hukuncin da aka yanke masa daidai ne."

Ya juya fuskarsa gefen da ya ji shessheƙarta.

"Mamana."



"Na'am, Abba."

"Mutum ya tsaya a ƙofa tun ɗazu yana zuba gumi. Ja masa kujera, ki kawo masa ruwa."

Ta nufi kicin da gudu. Rabin ruwan ya zube a kan faranti kafin ta iso falo. Mai Gardama ya karɓa da hannu biyu, ya shanye abin da ya rage.